Amsa: Wuƙar sifirin mota tana tsagewa a ruwa

Malam, ka ce wuƙar da ka ƙera da sifirin mota tana tsagewa da zarar ka tsoma ta a ruwa. Ruwan ne matsalar. Sanyayawarsa ta yi wa wannan ƙarfe sauri, mai yake so.

Gasa ta har maganaɗisu ya daina kama ta, wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius, ka ɗan ƙara zuwa 830. Tsoma ta a mai mai ɗumi, kana motsa ta sama da ƙasa, ba gefe-gefe ba, don kada ta lanƙwashe. Idan magagari ya zame bai ci ba, ta yi tauri. Kada ta kwana haka! Mayar da ita wuta a digiri 200, awa ɗaya, sau biyu.

Duba cikin karayar wadda ta karye: in ƙwayoyin ƙarfen manya ne kamar sukari, wuta ta yi yawa.