Tambaya da Amsa: Sigar da aka ce "ta musamman ce", kuɗin ya kai kuwa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan satin duk sun karkata wuri ɗaya ne, maganar siga, wato naɗaɗɗen ganyen taban nan mai kauri da ake naɗewa da hannu a Kuba da maƙwabtanta, ba sigarin mai tebur ba. Na tsinci biyar a ciki. Kuma tun da wuri in faɗa, wanda bai taɓa shan taba ba kar ya ce a nan aka koya masa, ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta uku ya karanta.

"Salam Malam. Ina yawan bi ta Dubai saboda harkar kasuwa, a wani shago na ga kwalin Montecristo Supremos mai ƙarin zobe baƙi da ruwan zinare, an rubuta Edición Limitada 2019. Mai shagon ya ce in ban ɗauka yanzu ba ba zan sake ganinsa ba, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na sauran. In ɗauki kwali guda? Kuma ta yaya ake gane mai kyau in an kunna?" Wani Alhaji daga Kano.

Alhaji, mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma dai ɗan kasuwa ne kamar ka, ka san yadda ake yi. Abin da wannan baƙin zoben takardar da ke jikin karan sigar yake nufi abu biyu ne kawai. Na farko an yi ta ne da yawa ƙayyadadde na shekara guda, kamfanin Habanos da ke sayar da sigar Kuba ya fara wannan tsarin ne a shekarar 2000, kusan duk shekara ya fitar da 'yan nau'o'i a wani girma da ba a saba yi a wannan sunan ba. Na biyu ganyen ya kwana, aƙalla shekara biyu yana ajiye kafin a naɗe, da farko rigar waje, wato ganyen da ake lulluɓe karan da shi, kaɗai ake yi wa haka amma daga 2007 har da ganyen ciki, kuma rigar daga saman tsiron ake cirowa inda rana ta fi duka shi yasa za ka ga ta fi duhu da maiƙo. Shi ke nan fa. Babu inda zoben ya ce ta fi daɗi a bakinka.

Don haka shawarata kar ka ɗauki kwali. Supremos kara 25 ne a kwalinta, in ka zuba kuɗin ka dawo gida ka ga ba ta yi maka ba wa za ka kai wa ƙara? Ka ce ya sayar maka da kara biyu, ka haɗa da kara ɗaya na Montecristo Edmundo, wadda ake samu kullum kuma girmansu ya yi kusa, Edmundo tsawonta milimita 135, Supremos 130 sai dai ta fi kauri kaɗan. Yau ka sha wannan gobe ka sha waccan, a lokaci ɗaya, bayan ka ci abinci ka ƙoshi, da ruwan sanyi kawai a gefenka. Ba shayi mai citta ba goro, duk za su rufe maka harshe. In bambancin da ka ji ya kai bambancin kuɗin to ka koma ka saya, in sai ka yi ta lalube kafin ka ji shi to zobe ake so a sayar maka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gwajin kuwa tun kafin wuta yake farawa. Ka riƙe ta ka ɗan latsa daga sama har ƙasa, ya kamata ta ɗan lotsa ta dawo, in ka ji wani wuri tauri kamar dutse to an cusa ganye ya yi yawa a nan kuma hayaƙi ba zai wuce ba, in ka ji rami to za ta ci wuta a karkace. Ka shinshina gindin. Sai ka yanke hular kai kaɗan, kamar milimita biyu, kar ka zarce kafaɗa in ba haka ba rigar ta warware maka a hannu. Ka ja iska tun ba wuta, ya zama akwai 'yar tirjiya kamar kana zuƙar kunu mai ɗan kauri, ba wayam ba kuma ba a toshe ba. Wajen kunnawa laitar gas ko doguwar ashana, banda laitar fetur banda kyandir don warinsu zai shiga ganyen, ka gasa bakin kana juyawa har ya kama ko'ina kafin ka kai baki. Daga nan zuƙa ɗaya a minti ya isa, hayaƙin a baki yake tsayawa ba a haɗiye shi zuwa ƙirji. Masu gaggawa su ne ke cewa siga ɗaci gare ta, alhali su suka ƙona ta da yawan ja.

Masu harkar suna raba kara gida uku, kuma a nan ake gane wadda ta ci kuɗinta. Ni dai da na zauna da Supremos, kashin farko ya zo min da laushi, ƙamshin gyaɗa soyayya da ɗan koko, sai wani abu mai kama da ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. A tsakiya ta ƙara nauyi, gahawa ta fito, da ƙamshin sabuwar fata irin wanda kake ji in ka shiga layin dukawa a kasuwar Kurmi, da ɗan zaƙi a ƙarshen harshe. Kashi na uku yaji ya taso kamar masoro, nan ne kai ke ɗan juyawa in ciki ba komai. Sama da awa guda na yi a kanta. Abin da nake nema ke nan, ta riƙa sauyawa tana ba ka labari, don akwai wadda za ka kunna daga farko har ƙarshe ɗanɗano ɗaya kamar tuwon da ba miya. Ka lura da tokar ma, in ta riƙe kanta ta yi tsawon gaɓar yatsa ba ta zube ba kuma layin wutar na tafiya daidai, manaɗin ya iya aikinsa. Amma farin toka ba shaidar inganci ba ne kamar yadda wasu ke cewa, tokar Kuba ma yawanci toka-toka ce mai duhu.

Dalilin da na ce kara biyu, aikin hannu ne. Na taɓa sayen wata mai tsadar gaske a wata tafiya, ba zan kama suna ba, na yi ta ja har kumatuna suka gaji hayaƙi ya ƙi zuwa, 'yar'uwarta kuma daga kwali ɗaya lafiya lau. Kara ɗaya ba ya yanke hukunci.

Maganar tsada kuma ba mai shagon kaɗai ba ne. A 2022 Habanos ya ɗaga farashin sigarsa masu suna Cohiba da Trinidad a duk duniya ya daidaita su da na Hong Kong, a watan Satumba na shekarar kuma guguwar Ian ta afka wa lardin Pinar del Río na Kuba, inda gonakin taban yankin Vuelta Abajo suke, ta rushe rumfunan shanya ganye masu yawan gaske. Kaya suka yi ƙaranci, ga masu saye daga Sin sun ƙaru. To ka ga komai sai ya tashi.

"Yaya, wani ya kawo min Cohiba Behike kwali mai murfin gilashi, ya ce ɗan'uwansa ne ke aiki a masana'antar a Havana shi ya sa da araha. In karɓa?" Wani matashi daga Abuja.

Ƙanena ka mayar masa da kayansa. Labarin ɗan'uwa a masana'anta shi ne tsohon zancen da ake yi wa baƙi a titunan Havana, kuma Cohiba ba ta zuwa a kwali mai murfin gilashi, wannan kaɗai ya gama magana. Behike da aka fitar a 2010 da wani ganye da ake kira medio tiempo ake haɗa ta, 'yan ganye biyu ne a can ƙololuwar tsiro kuma ba kowane tsiro ke fitar da su ba, abin da manyan shaguna ke jira wata da watanni su samu ba zai zo maka har gida da araha ba. Araha ba ta ado.

Don gaba, kwalin Kuba na gaskiya yana da koren hatimin gwamnati mai hoto mai walƙiya da lambar da za ka iya shigarwa a shafin Habanos ka tantance, a ƙarƙashin kwalin kuma akwai rubutun Hecho en Cuba (an yi a Kuba) da Totalmente a mano (duk aikin hannu ne) da tambarin wata da shekarar da aka cika shi. In har yanzu kana kokwanto ka sadaukar da kara ɗaya, ka tsaga ta da reza a tsaye. Ta gaskiya dogayen ganye za ka gani a naɗe daga kai har gindi, ta jabu kuwa gutsattsari ne da sharar ƙasa, wani lokacin har da abin da ba taba ba.

"Malam maigidana ya fara shan wannan abar, na yi magana ya ce ai ba sigari ba ce, ba a haɗiye hayaƙin don haka ba ta da illa. Gaskiya ne?" Wata uwargida daga Kaduna.

Hajiya ba gaskiya ba ne, kuma ki nuna masa wannan ya karanta da kansa. Babbar siga guda ɗaya tana iya ɗaukar taban da ya kai na kwalin sigari guda. Hayaƙinta kuma irin wanda nikotin ke ratsa fatar baki ne ya shiga jini ko ba a kai shi huhu ba, shi yasa take kama mutum. Tana jawo ciwon daji na baki da harshe da maƙogwaro da hanyar abinci, ga ciwon dasashi, kuma hayaƙin da ke tashi a ɗaki ke da yara kuke shaƙa. Tsadarta ba ta rage komai a wannan ba, ta dala ɗari da ta dala biyu duk taba ce. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ma ba ta ware ta ba wajen hana sha a wuraren taruwar jama'a da hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta fuskar addini kuwa kin san abin da akasarin malamanmu ke faɗa a kan taba, ba sai na ari bakinsu ba. Ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi ba lokacin da take hannunsa ba, in ma bai bari yanzu ba aƙalla kar a ƙara kunna ta a cikin gida ko a mota.

"An ba ni tsarabar kwali, na sa a firji don kar ta lalace, yanzu rigar tana tsattsagewa. Me zan yi?" Daga Zinder.

Kai, firji! Ɗan'uwa firji busar da abu yake yi, ga shi ganyen taba yana shan duk warin da ke kusa da shi, nan gaba kaɗan za ka sha siga mai ƙamshin daddawa. Abin da take so laima ce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi kamar digiri 16 zuwa 18, wanda a garuruwanmu duka biyun aiki ne. Da hunturu iska ta bushe ƙayau har leɓe ke fashewa balle ganye, da bazara kuma zafi ya haura 40, kuma zafi ne ke ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke huda siga kamar an soka allura, in ya shiga kwali sai ya bi ta kan kowa.

Ba sai ka sayi akwatin katako mai tsada ba. Nemi mazubin roba mai murfi da ke rufewa gam, sabo wanda ba a taɓa zuba abinci ba, ka sa fakitin laima na Boveda mai lamba 65 ko 69 da ɗan ma'aunin laima, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da taga. Waɗanda suka bushe kar ka yayyafa musu ruwa, fashewa za su ƙara yi, ka bar su su sha laima a hankali sati huɗu zuwa shida. Za su dawo su shawu amma wani ƙamshin ya riga ya tafi, wannan sai haƙuri.

"Na ga an rubuta Cameroon a bayanin wata siga ta Amurka, wai da gaske daga ƙasarmu ne?" Daga Garwa.

Da gaske ne, kuma abin a yi taƙama ne a wannan harkar. Ana noma ganyen riga a gabashin Kamaru wajen Batouri da kuma tsallaken iyaka a Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma ne ke yi a fili ƙarƙashin rana, irin kuma asalinsa daga Sumatra aka kawo. Ganyen siriri ne mai ɗan ƙurji-ƙurji in ka shafa, yana da zaƙi da ɗan yaji, kuma saurin yagewarsa ya sa sai ƙwararren manaɗi ke iya masa. Kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika da shi yake yi wa Don Carlos da Hemingway riga. Sai dai fa ganyen ne kawai naku, daga gona ake fitar da shi waje a naɗe a can, in kana so ka ɗanɗana sai ka saye shi da dala bayan ya zaga duniya ya dawo.