Ƙudan zuma sun tare a rufin ɗakinmu: likita ya amsa tambayoyinku

Tun da zafi ya kama, wasiƙun da suka fi zo mini na ƙudan zuma ne. Daga Maris zuwa Mayu ruwa na wuya a Damagaram, kowane gida ya cika randuna da jarkoki, su kuma ƙudan suna bin ruwa da inuwa kamar yadda muke bi. Ga huɗu daga ciki.

Wani magidanci daga Birni: "Likita, wata biyu ke nan ƙudan zuma suka shiga tsakanin azara da bangon ɗakin mahaifiyata. Ita ta ce a bar su, alheri ne. Ƙanena ya ce mu zuba fetur mu cinna wuta da dare. Ga yara a gidan. Wanne za mu bi?"

Malam, don Allah ka riƙe hannun ƙanenka. Azara busasshen icen giginya ce da ta shekara da shekaru tana shan rana, ashana ɗaya ta ishe ta. Na taɓa wanke wa wani saurayi ƙuna a kan irin wannan dabara. Daga yatsu har gwiwar hannu fatar ta sale, ga ƙari, wato tsinin harbin ƙudan zuma, cike da fuskarsa muna tsincewa ɗaya bayan ɗaya, ƙudan kuma suna nan a bangon ba su tashi ba. Fesa maganin sauro ma ba ya kai wa tsakiyar saƙa, tunzura su kawai yake yi, ya ɓata zuman, ya bar tsohuwa tana shaƙar guba.

Hajiya tana da hujja. A Suratun Nahli, aya ta 68, an ambaci abin da mutane ke ginawa cikin wuraren da ƙudan zuma ke zama, kuma a hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito an hana kashe su. Amma gida ɗaya na ɗauke da dubban ƙudaje, kuma namu na Afirka sun fi na Turai saurin fushi. Ba a haɗa su ɗaki da tsohuwa da jikoki. Abin yi shi ne a tashe su da ransu.

Ka nemi mai amya. Wajen Matameye da Magariya akwai waɗanda wannan ce sana'arsu, masu sayar da zuma a kasuwar Dole ko ma'aikatan gandun daji za su haɗa ka da su. Bayan magariba zai zo, lokacin da ƙudan suka koma gida, ya yi musu hayaƙi da busasshen kashin shanu, ya kwashe saƙar kaf har da sarauniyar ya sa a amya. Ka tsaya ka ga an kankare wurin an toshe da laka ko siminti. In aka bar guntun saƙa, zafi zai narkar da ita, tururuwa su biyo, ƙamshin kuma ya jawo wani sabon taro. Kada ka toshe ramin suna ciki, za su ɓullo ta cikin ɗaki.

Kafin ya zo, a mayar da Hajiya wani ɗakin, a rufe randuna, a daina daka kusa da bangon. Ragon da ke ɗaure a turke a kai shi nesa, dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu.

Wata uwa daga Garin Malam: "Ƙudan zuma ya harbi ɗana, ɗan shekara 6, a gefen ido. Yau kwana biyu, idon ya rufe ruf. Yana cin abinci yana wasa, amma hankalina ya tashi. Maƙwabciya ta ce in shafa toka."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Fatar kewayen ido sakwa-sakwa ce, shi ya sa take kumbura haka. Irin wannan kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu, ya saɓe cikin mako guda. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora minti 10, ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa, a farmasi kuma ki nemi maganin ƙaiƙayi irin setirizin na yara. Toka da laka ki bar su, ƙwayar cuta za su kai wa idon. In zazzaɓi ya zo, ko wurin ya fara ruwa, ko jan yana faɗi bayan kwana uku, ki kai shi a duba.

Nan gaba, abin farko shi ne cire ƙarin. Yana da ƙaya kamar ƙugiya, yana maƙalewa a fata da 'yar jakar dafi, wadda ke ci gaba da tura dafin wajen minti guda. Ki sa farce ki kankare nan take, kada ki tsaya neman hantsaki.

Abin da nake tsoro ba girman kumburi ba ne. In cikin mintuna kaɗan zuwa sa'a guda aka ga borin jini ya feso a duk jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi na fito, ko jiri da amai, to rai ne a kan hanya. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a bar shi zaune, kada a tilasta masa tafiya da ƙafa. A ruga asibiti mafi kusa a ce musu ƙudan zuma ne. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, babu ƙwaya ko jiƙon da zai maye gurbinta. Wanda wannan ya taɓa samu, ya sanar da iyalinsa, kuma kada ya kusanci aikin kwasar zuma.

Wani ɗalibi daga Mirya: "Taron ƙuda ya rufe babana a garka, harbin ya fi ƙarfin ƙirga. Ya ce ya warke, amma fitsarinsa ya koma kamar shayi."

Ɗana, ka kai Baba babban asibitin Zinder yau, ko da ya ce lafiyarsa lau. Dafi mai yawa yana farfasa jini da tsoka, ƙoda ce ke ɗaukar nauyin, wannan launin fitsari kuwa ƙararrawarta ce. Yana bukatar ƙarin ruwa da gwajin jini. Babba da ya sha harbi wajen 50, ko yaro ko tsoho da ya sha ƙasa da haka, asibiti ya kamata ya kwana.

Ka gaya wa masu garka: in taro ya taso, a rufe fuska da riga a yi ta gudu har a shiga ɗaki ko mota. Duk harbi yana barin wani wari mai kama da na ayaba, shi ke kiran sauran. Kada a faɗa tafki, suna nan sama suna jira.

Wata kaka daga Zango: "Mun samu zuma mai kyau daga bangonmu. In lasa wa jikata 'yar wata 4?"

A'a, Iya. Jariri ba ya shan zuma sai ya cika wata 12, ko da lasa ce. Zuma kan ɗauki ƙwayar wata cuta da ake kira botulizim, wadda hanjin babba ke iya wa amma na jariri ba ya iyawa. Sai ki ga ciki ya ɗaure, tsotso ya yi rauni, wuya ya saki. Dafa zuman ba ya kashe ta. Har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe ta. In kuwa an taɓa fesa wa bangon magani, ku manyan ma kada ku sha, a haƙa rami a binne.