Takarda kin samu a banza, to wa zai biya ki ladan hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina sana'ar sarrafa tsofaffin takardu. Ina tattaro takardun da ofisoshi suka gama da su, da tsofaffin mujallu da guntayen kwali, in jiƙa, in markaɗa, in fitar da sabuwar takarda ta hannu. Da ita nake yin katin gaisuwa da ƙananan littattafan rubutu, mujallun kuma in naɗe su in yi duwatsun wuya. Kaya suna fita, ko mako ba sa yi a hannuna, kuma tunda takardar ba saye nake yi ba, kusan duk abin da na sayar riba ce. Abin da ke ɗaure min kai, wata sai ya ƙare ban ga abin da na ajiye ba. Na ga wata a Facebook ta ce cikin shekara ɗaya ta sayi mota da wannan sana'a, tana sayar wa mutanen ƙetare ta Etsy, kasuwar intanet ta kayan hannu. Ina so in ci bashi in sayi babban injin markaɗe, in ajiye aikina in rungumi wannan. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi wa neman albarka. Maganar inji da bashi mu jingine ta tukuna, don ciwonki yana cikin jimla ɗaya da kika rubuta da hannunki: "tunda takardar ba saye nake yi ba, kusan duk abin da na sayar riba ce." Wannan tunanin ne yake cinye ki wata takwas, kuma idan kika ɗora masa bashi, shi ne zai kai ki ƙasa.

A sana'ar takardar hannu, ita takardar ita ce mafi ƙarancin abin da ke cikin farashi. Haka abin yake tun asali. A shekara ta 105 miladiyya, lokacin da wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarkin ƙasar Sin da hanyar yin takarda, ɓawon itace da tsummokara da tsofaffin komar kamun kifi ya haɗa. Turai ma da tsumma ta yi ta yin takarda har cikin ƙarni na 19 kafin itace ya karɓe. Kullum daga abin da aka yar ake farawa. Abin da mai saye yake biya kuɗi a kansa hannu ne da lokaci, kuma su ne ke kike bayarwa kyauta.

Zauna mu yi lissafi. Ba ki faɗi farashinki ba, don haka mu ce kina sayar da littafi ɗaya a 100, ko da wane irin kuɗi kike ƙirga. Kafin ki samu 10 masu kyau na fitarwa, na tabbata sai kin yi 12, saboda wani zai lanƙwashe wajen bushewa, wani ɗinkinsa zai karkace. Kin karɓi 1,000. Gam da zare da abin naɗe kaya, a ce 20 kan kowanne, 240 ke nan, don waɗanda suka lalace ma sun sha gam. Wutar bilenda da ruwa da kuɗin motar zuwa ɗebo takardun da kai kaya, a ce 160. Saura 600. Yanzu zo ga inda ba ki taɓa dubawa ba. Yaga takarda, cire ƙusoshin maƙale takardu da selotef, jiƙawa, markaɗe, tsoma rariya shafi bayan shafi, kifewa a kan ƙyalle, matse ruwa, shanya, gogewa, yanka, ɗinki: idan kika raba, da wuya littafi ɗaya ya ci ƙasa da awa 3. Awa 36 ke nan, ki ƙara 4 na tattarowa da tsincewa, 40. Raba 600 gida 40, kin samu 15 a kowace awa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, akwai wanda zai zauna ya yi miki wannan aikin na awa guda a kan kashi 15 cikin 100 na kuɗin littafi ɗaya? Idan babu, to ba ki ci riba ba, ko ladan hannunki ba ki gama fitarwa ba. Shi ya sa wata yake ƙarewa ba ki ga komai.

Kuma fitar kayan da sauri da kike murna da shi, ni damuwa ya ba ni. Kayan hannu da ba ya kwana bakwai a wurin mai shi, galibi an karya masa farashi ne. Wasu daga cikin masu rububin sayen ma, ina kyautata zaton sari suke yi a wurinki da farashin ɗai-ɗai, su je su ninka.

Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo wurina da irin wannan lissafin. Hannunta ya faɗa ƙwarai, katin da take yi har da busassun furanni a cikin takardar. Aka ba ta aikin katin gayyata guda 400. Ta yi murna, ta yanke farashi a tsaye ba tare da ta ɗauki biro ba, har ta yi ragi saboda yawa, tana cewa ai takarda ba ta da kuɗi. Ko kafin alƙalami ba ta karɓa ba. Aka shiga kwanakin danshi, takardar da ke bushewa a yini ɗaya ta koma kwana uku, wasu suka yi fumfuna. Lokaci ya ƙure, dole ta ɗauko mutum biyu su taya ta. A ranar ta fara sanin cewa aikin yana da farashi, don su ba su yarda su yi a banza kamar ita ba. Da ta biya su ta sayi ƙarin gam, sai da ta ciko daga aljihunta. Ta kai kaya, aka yaba, aka sake kiranta wani aikin a kan wancan farashin, ta kasa cewa a ƙara don ita ce ta sa shi da bakinta. Ba ta kai shekara ba ta bar sana'ar, alhali masu son kayanta suna nan. Har yau abin yana min ciwo, don da ta zauna da biro na minti goma kafin ta buɗe baki, da yanzu tana da ma'aikata.

Ragin nan na yawa yana buƙatar ki fahimce shi sosai. Masana'anta tana iya rage farashi idan an sayi da yawa, saboda injinta ba ya gajiya, guda na dubu ya fi na farko sauƙi. Ke kuwa kati na 400 daidai yake da na farko wajen cin lokaci, har ya fi, don baya ya gaji. Duk ragin da za ki yi, daga ladan hannunki ake yankarsa.

To, injin. Markaɗe shi ne mafi sauri a duk aikinki, mintuna ne. Inda lokacinki ke tafiya shi ne tsoma rariya da bushewa da ɗinki, kuma babban inji ba zai taɓa ko ɗaya ba. Zai tara miki kullun takarda ne fiye da abin da hannunki zai iya ɗebewa, ya kwana biyu ya fara wari. Idan akwai abin da ya cancanci kuɗi, rariya ta biyu ce, da katako biyu masu ƙwari na matse ruwa, da wurin shanya mai iska. Waɗannan ba sa buƙatar bashi.

Mai motar Facebook kuwa, ba na son ki ƙara ɓata dare a kanta. Ba ki ga littafin lissafinta ba. Da yawa masu irin wannan tallan kuɗinsu daga koyar da sana'ar yake fitowa, daga aljihun masu mafarki. Etsy kasuwa ce ta gaske, tun 2005 take, amma tana karɓar senti 20 na dalar Amurka kan kowane kaya da aka ɗora, kuma tun 2022 tana cire kashi 6.5 cikin 100 na ciniki, ban da kuɗin karɓar biya. Ga kuɗin aikawa, wanda kan iya fin kuɗin katin kansa. Wadda ba ta san abin da littafi ɗaya ke ci mata a ɗakinta ba, ta ina za ta san ko ta ci ko an cinye ta a can? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ware littafi ɗaya cikin waɗanda suka lalace. Kwana 30, duk lokacin da kika zauna aiki ki rubuta ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa kika tashi, me kika yi, guda nawa suka fito, guda nawa suka ɓaci. Duk abin da kika saya ki rubuta, ko gam ɗaya ne. Sannan ki yanke wa kanki ladan awa, kada ya gaza abin da aikinki na yanzu ke ba ki a awa. Farashin kaya shi ne kayan haɗi da ladan awanninki da asarar waɗanda suka ɓaci, sannan ki ɗora riba a sama, ko da kashi 25 cikin 100 ne. Ladan hannu daban, riba daban. Ladan ki ci abinci da shi, ribar kuma ita ce za ta sayi rariya ta biyu.

Lissafin zai nuna miki wani abu da ba za ki so ba: cikin kayanki uku, akwai wanda bai kamata ki ci gaba da shi ba. Ina zargin duwatsun wuya. Kowane ƙwaya sai an yanka, an naɗe, an shafa gam, an shafa man sheƙi sau biyu ko uku ana jira ya bushe, sarƙa ɗaya kuma tana cin ƙwaya masu yawa. Idan lissafi ya tabbatar, ki ajiye su ko ki mayar da su sai an yi oda an ba da rabin kuɗi.

Idan kin ƙara farashi, dole kayan su cancanta, kuma nan ma "ai kyauta ce" tana cutar da ke, don tana sa ki kwashi duk abin da aka ba ki. Takardar jarida tana komawa rawaya idan ta sha rana, kada ki sa ta a katin da mutum zai adana. Rasitin nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa ki ware shi gaba ɗaya, zafi yana baƙanta shi, kuma sinadarin da ke jikinsa bai dace da kayan da ake ta taɓawa ba. Zare-zaren takarda suna gajarta duk lokacin da aka sake markaɗa su, bayan sau biyar zuwa bakwai ba sa riƙe juna, shi ya sa farar takardar ofis ta fi kwalin ƙwai ƙarko nesa ba kusa ba. Ɗan tsumman auduga da aka dafa aka daka yana ƙara ƙarfi, ɗan sitaci a cikin kullun yana rage yaɗuwar tawada. Littafin da biro ke tafiya a kansa sumul, mai saye ba ya jayayya da kuɗinsa kamar wanda tawada ke malalewa.

Wasu masu sayenki za su gudu idan farashi ya tashi, musamman 'yan sarin nan. Ki bar su su tafi. Sayar da 6 a 180 ya fi miki sayar da 10 a 100, kuɗi sun fi yawa, aiki ya ragu kusan rabi.

Aikinki kada ki ajiye shi, bashi kada ki ci. Idan sabon farashi ya yi wata 6 a jere yana biyan ladan hannunki har da ragowa, ki sake rubuto min, ki haɗo da abin da littafin nan ya nuna, awanni da kuɗi, kaya bayan kaya. A lokacin za mu yi maganar ko mutum za ki ɗauka ko wuri za ki faɗaɗa.