Likita ta tambaye ni ƙarfin gabana: amsawa tona asirin iyali ne?

Tambaya: Malam, shekara 8 ina fama da ciwon suga. Likitar da ke duba ni, mace ce, ta miƙo mini takarda mai tambayoyi 5 kan ƙarfin gabana. Na ce lafiya lau, alhali kusan shekara guda abin ya yi sanyi. Wani ya ce mini faɗa haramun ne, saboda hadisin mai yaɗa sirrin matarsa.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Ka koma ka gyara amsarka.

Tambaya aka yi maka, ba tufafi aka ce ka tuɓe ba, don haka kasancewarta mace bai hana amsawa. In an zo ga duba al'aura, ka nemi likita namiji. In babu, lalura ta halatta gwargwadon buƙata.

Wanda ya ce haramun ne ya ɗora hadisin a inda ba muhallinsa ba. Hadisin Muslim yana magana ne kan mai baje sirrin shimfiɗa a majalisa don hira ko alfahari. Matar da wani sahabi mai suna Rifa'a ya saka ta zo gaban Annabi (SAW) tana ƙarar sabon mijinta, ta kama bakin mayafinta ta ce abin da yake da shi kamar wannan ne, wato gabansa ba ƙarfi. Annabi ya yi murmushi, ya ba ta hukunci, bai tsawata mata ba. Imam Nawawi ya ce in akwai buƙata babu laifi. Kai kuwa ba ma halinta za ka faɗa ba, ciwonka ne.

Abin da ya fi damuna ba shimfiɗar ba ce. Suga yana cinye ƙananan jijiyoyin jini, na gaba kuma sun fi na zuciya siranta, sai su riga nuna alama. Wataƙila zuciyarka likitar take leƙawa ta wannan takarda.

Kada ka ce basir ne ko sammu, balle ka zargi iyalinka. Ka guji maganin maza na tasha. Wani ana cusa masa ƙwayar Viagra a ɓoye, wadda in ta haɗu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, jini kan faɗi warwas. Haɗin zuma da dabino kuma suganka zai hauhawar.

Ka zauna da matarka ka gaya mata. Shekara guda tana ganin ka juya mata baya, wataƙila tana zaton ta fita ranka ne.

Wallahu a'alam.