Amsa: Littattafan da ba na ƙage ba, da wanne zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙoshi da littattafan soyayya, kana neman na gaskiya. To, fara da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ƙarami ne, Hausarsa kuwa kamar yana zaune a gabanka yana ba ka labari. Ni a akwatin mahaifina na tsinci nawa, bangon ya yage, gara ta ci gefen shafuka, amma ban ajiye ba sai da aka kira asuba.

In tarihi ke ranka, nemi Kano ta Dabo Ci Gari na Alhaji Abubakar Dokaji. Na kimiyya kuma akwai Ikon Allah, wanda Imam da wani Bature, Rupert East, suka rubuta.

Na zamani fa, da yawansu daga jami'o'i suke fitowa, ba sa kaiwa kasuwa, abin yana damuna ƙwarai. Ka leƙa shagon littattafan Jami'ar Bayero, ko ɗakin karatun Arewa House a Kaduna. Ka tafi da biro, ka kwafi sunayen littattafan da kowane marubuci ya ambata a ƙarshen littafinsa, su za ka bi.