Amsa ga ƙanwarmu mai shirin shiga aji ɗaya a jami'a

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina taya ki murna, Allah ya sa albarka. Kin ce an ba ki gurbi, saura mako uku a fara rajista, kuma gabanki yana faɗuwa don kin ji cewa har waɗanda suka yi zarra a sakandare sukan sha ƙasa a shekarar farko. Kina tambayar littattafan da za ki saya da abin da ya kamata ki fara karantawa. Na ga 'yan uwa sun yi miki bayani kan masauki da zaɓen ƙawaye, ni kan karatun kansa zan tsaya, don abin da kike tsoro ni ya taɓa samuna.

Kada ki sayi littafi ko ɗaya tukuna. Ki bari sai kowane malami ya ba ku takardar tsarin kwas ɗinsa, wadda ke nuna darussan da za a bi mako-mako, littattafan da ya dogara da su, da yadda aka raba maki tsakanin tes, aikin gida da jarrabawa. Ɗalibai da yawa sukan cusa ta a jaka su manta, alhali ita ce taswirar semesta. Idan malami bai bayar ba, ki tambaya a ofishin sashe. Littattafan da ke ciki yawancinsu za ki same su a laburare.

A semesta ta ta farko yadda na saba a sakandare haka na ci gaba: in kwafi abin da malami ya faɗa, in ja layi a ƙarƙashin jimloli, in maimaita karantawa har in ji shafin ya zama nawa. Na shiga jarrabawar wani kwas mai yunit 3 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas) da ƙwarin gwiwa, sai na tarar tambayoyin duk na san su, amma hannuna ya kasa fitar da amsa. Na faɗi kwas ɗin, sai da na maimaita shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin Allah ya sani ban yi wasa ba. Daga baya na gane cewa ganin abu ka shaida shi daban, iya fito da shi daga ka ba tare da littafi ba daban, kuma na biyun ake nema a ɗakin jarrabawa.

Masana sun daɗe da auna wannan. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin kalma da ba su da ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 kuma wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, a Amurka suka ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su. Wannan tarkon ne na faɗa: maimaitawa tana sa ki ji kin iya a daren, ranar jarrabawa kuma ta bar ki.

Ga abin da na koma yi, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya zo wurina. Ki raba shafin littafin rubutunki, ki bar siririn fili a hagu da ɗan fili a ƙasa. A lakca ki yi rubutu a ɓangaren dama, ba kowace kalma ba, gundarin magana da misalan malami. A ranar, kafin ki kwanta, ki mayar da abin da kika rubuta tambayoyi a filin hagu, ki taƙaita shafin da jimla biyu a ƙasa. Wannan tsarin Walter Pauk ne na Jami'ar Cornell, tun shekarun 1950. Bayan kwana biyu ki rufe dama da tafin hannu ki amsa tambayoyin da baki, bayan mako ki sake. Da farko za ki ji wuya, har ki ɗauka ba ki san komai ba. Wuyar nan ita ce aikin, kada ta kore ki.

Sai laburare, inda nake so ki fi ba ni hankalinki. A makon farko ki yi katinki, ki halarci zagayen da ake yi wa sababbin ɗalibai ko da ƙawayenki sun ce ɓata lokaci ne. Lambar da ke gefen kowane littafi adireshinsa ce. Wasu laburare suna bin tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876, inda 500 kimiyya ce, 610 likitanci, 340 shari'a. Jami'o'i da yawa kuma suna bin tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka mai amfani da haruffa: Q kimiyya, R likitanci, K shari'a, L ilimi, T fasaha. Amfanin sanin wannan shi ne littattafan da suka shafi abu ɗaya suna jere wuri guda, idan wanda malami ya ambata wani ya are shi, na kusa da shi zai yi miki aiki, wani lokaci ma bayaninsa ya fi sauƙi. Ki tambayi sashen da ake ajiye littattafan da ba a fita da su, da inda ake ajiye tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Sannan ki gaisa da ma'aikacin laburare, ki faɗa masa sashenki. Ni sai a aji uku na san cewa makarantarmu tana biyan kuɗin rumbunan mujallu na intanet irin su JSTOR, kuma kalmar sirrin tana teburin mutumin da na yi shekara biyu ina wucewa ta gabansa. Da na tambaya, cikin minti goma ya nuna mini.

A intanet ma akwai na kyauta masu inganci. OpenStax na Jami'ar Rice yana da cikakkun littattafan aji ɗaya na bayoloji, kemistiri, fizik, lissafi da tattalin arziki, ki sauke a waya ki karanta ko babu data. MIT tana saka darussanta kyauta a OpenCourseWare. Neman maƙalu kuwa Google Scholar ne, ba Google na kullum ba. Amma ki zaɓi ɗaya ko biyu ga kowane kwas. Na san masu cika waya da fayil ɗari ba su buɗe ko biyar ba.

Duk abin da kika ɗauko a littafi ko maƙala, ki rubuta sunan marubuci, shekara da shafi nan take, ko ki bar manhajar Zotero ta ajiye miki. Kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne babba a jami'a, yakan kai ga soke maki ko kora. Manhajojin nan masu amsa tambaya suna taimakawa wajen fahimtar darasi mai wuya, amma sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, don haka duk wanda suka ba ki sai kin gan shi da idonki kafin ki sa a aiki.

Ki kuma fahimci lissafin maki tun yanzu. A tsarin da A ke da maki 5, C kuma 3, idan kin ci A a kwas mai yunit 1 kika samu C a mai yunit 3, ana ninka maki da yunit, jimlar 5 da 9 (3 sau 3) ce, wato 14, a raba da yunit 4, matsakaicinki 3.5. Kin ga manyan kwasa-kwasai su ke jan sakamako, kuma makin aji ɗaya yana bin ki har ki gama. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne awa biyu na karatun kai a kan kowace awa ɗaya ta lakca. Ko ba ki cika shi ba, ki fi ba masu nauyi lokaci.

Malamai suna da lokacin ganin ɗalibai a ofis. Ki je da tambaya takamaimiya, ki ce ga inda na karanta, ga inda na tsaya. Idan kina jin nauyi, ki tafi da ƙawa.

Makonni ukun nan da suka rage miki, ki ɗauko littafin sakandare na darasin da ya fi kusa da sashenki, ki gwada rufe shafi da amsa tambaya a babi biyu ko uku, don hannunki ya saba kafin lakca ta fara gudu. Ki faɗa mana sashen da aka ba ki, in gaya miki harafi ko lambar da za ki nema a kantocin laburare da littafin OpenStax da ya dace da ke.