Dalilin da ya sa lokacin darasinka ya gusa a kalanda

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa darasin intanet da kake halarta daga Birnin Kebbi, wanda malaminku na Landan ya tsara, ya koma ƙarfe 1 na rana a kalandarka bayan ya daɗe a ƙarfe 12. Wayarka lafiyarta ƙalau. Ingila ce ke tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, alhali Nijeriya ba ta sauya nata. Tsakanin waɗannan ranaku lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya.

Google Calendar, wato manhajar kalanda ta Google, yana ɗaure taro mai maimaituwa da yankin lokacin da aka ƙirƙire shi a kai, don haka a wurin malamin ƙarfe 12 bai motsa ba, kai ne kake ganin sauyin. 

Don Allah kada ka gyara agogon wayarka da hannu, domin hakan zai rikita sauran alƙawuranka. Ka bar ta a lokacin Legas, ka kuma sanar da malamin cewa sabon lokacin yana kusantar sallar Azahar a nan.